Minti na 33: Sani Kaita da Nauyin Kuskure Guda

Ranar Alhamis ce, 17 ga Yunin 2010. Damina ta sauka a kudancin Kano, masara ta fara ɗagowa a gonakin da ke gefen titin Tudun Wada, amma tun wajen ƙarfe biyu na rana mutane suka fara jingine fartanya. A Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, direbobin da ke jiran lodi sun bar motoci a hannun 'yan kamasho. Mu kuwa da muke kammala sakandare a shekarar, tun da wuri muka mamaye bencin gaba na wani gidan kallo mai rufin kwano da janareto mai yawan tari. Najeriya za ta kara da Girka a birnin Bloemfontein na Afirka ta Kudu da ƙarfe uku agogonmu, a wasanta na biyu a gasar cin kofin duniya ta farko da aka taɓa yi a nahiyar Afirka.

Abin da ya ƙara mana zumuɗi shi ne akwai namu a cikin fili. Mai riga lamba 14, Sani Haruna Kaita, haifaffen Kano ne, tsohon ɗan wasan Kano Pillars. Duk sa'ad da ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ɗakin ya ɗauki sowa, ko da kuwa mayar da ita baya kawai ya yi.

A minti na 16 Kalu Uche ya yi bugun tazara daga gefen hagu, ƙwallon ta ratsa tsakanin kowa da kowa ta faɗa raga. Girkawa sun rikice, ba su da alamar farfaɗowa. A minti na 33 ƙwallo ta fita a gefen fili, aka yi ɗan turereniya tsakanin Kaita da Vasilis Torosidis a kan wanda zai yi jifa. Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa hauri a cinya. Takalmin bai ma same shi sosai ba, amma Torosidis ya zube yana birgima, alƙalin wasa Óscar Ruiz ɗan Kolombiya ya zaro jan kati. Kaita ya durƙusa yana roƙo, daga baya ya tashi ya rufe kansa da rigarsa ya fice. Ɗakin da muke ciki ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareto. Lokacin da aka tafi hutun rabin lokaci muka fita sallar La'asar, Girka ta riga ta rama. An tashi wasan tana da 2, Najeriya tana da 1.

A hutun sallar da ya wuce na tsaya kallon wasu samari suna tamaula a wani fili da ke bayan tasha. Da suka tashi na tambaye su ko sun san Sani Kaita. Yawancinsu ba a haife su ba a 2010, ko kuma suna goye, amma biyu sun ce sun sani: ai shi ne wanda aka ba jan kati. Na tambaye su me kuma suka sani game da shi. Babu. Wannan ne ya sa na zauna rubuta tarihin aikinsa daga farko, domin mutumin ya fi shekara goma yana cin abinci da ƙwallo a ƙasashe daban-daban, ya buga wasan ƙarshe na duniya har sau biyu, amma daƙiƙa biyu ko uku ne kawai suka rage a bakin jama'a.

Daga Ƙofar Mata zuwa Utrecht

An haifi Kaita a Kano ranar 2 ga Mayun 1986. Kano Pillars da ya taso a cikinta ba tsohuwar ƙungiya ba ce a lokacin. A 1990 aka kafa ta bayan haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Tsofaffin 'yan kallo har yanzu sun fi jin daɗin ba da labarin Raccah Rovers da ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978. Ita Pillars sai a 2008 ta fara ɗaukar wannan kofi, shekara uku bayan tafiyar Kaita. Amma tun kafin kofuna su zo, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya yi suna a matsayin wurin da baƙo ba ya shiga ya fita da dariya, kuma yaron da ya iya riƙe tsakiyar fili a gaban waɗannan 'yan kallo ya riga ya sha wata irin jarrabawa da ba a koyar da ita a atisaye.

A 2005 Samson Siasia ya tafi da shi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan. Wanda ya kalli gasar nan ba zai manta da ita ba. Najeriya ta yi canjaras da Brazil babu ci, ta sha kashi a hannun Koriya ta Kudu, ta doke Switzerland 3 da nema, ta fitar da Yukiren, sannan ta fitar da masu masaukin baƙi a bugun fenareti da aka yi ta yi har sai da aka tashi 10 da 9. Ta lallasa Maroko 3 da nema a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 2 ga Yuli a birnin Utrecht ta haɗu da Ajantina, wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Lionel Messi ya ci fenareti biyu, Chinedu Ogbuke ya ci wa Najeriya ɗaya. Da aka zo rabon kyaututtukan gwarzayen gasar, Messi ne na ɗaya, John Mikel Obi na biyu, Taye Taiwo na uku.

Ba a kira sunan Kaita a wurin kyauta ba, kuma babu wanda ya yi tsammanin za a kira. Matsayinsa shi ne wanda 'yan ƙwallon unguwa ke kira lamba huɗu: ɗan tsakiya mai tsayawa gaban 'yan baya, ya tare, ya ƙwace, ya miƙa wa wanda ya fi shi iya sarrafa ƙwallo. Idan Mikel ya samu sararin ɗaga kai ya hango abokin wasa a nesa, to akwai wanda ya tsaya a bayansa yana toshe ramin da ya bari. Matsalar wannan aiki ita ce idan an yi shi da kyau ba ya barin shaida. Harin da aka kashe tun yana tsakiyar fili ba ya shiga labarai, ba a maimaita shi a talabijin, ba a rubuta shi a allon sakamako. Mai cin ƙwallo zai iya ɓarar da dama tara, ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tarewa kuwa lissafinsa a juye yake: tara ɗin da ya tare ba a ƙirga su, ta goman da ta wuce ita ce tasa.

Bayan gasar, ƙungiyar Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. Tsohuwar ƙungiya ce, an kafa ta tun 1888, amma ba ta cikin masu kuɗin Holan, kuma a shekarun da ya yi a can bai buga wasanni da yawa ba. Duk da haka Siasia bai manta da shi ba. A 2008 ya sake kiransa zuwa gasar Olamfik ta Beijing, inda shi da Ebenezer Ajilore suka riƙe tsakiya. Najeriya ta doke Japan da Amurka, ta fitar da Kwaddibuwa, ta ci Beljiyam 4 da 1. Wasan ƙarshe ya kama ranar 23 ga Agusta da tsakar rana, cikin zafin da ya sa aka riƙa tsayar da wasa domin a sha ruwa. Abokiyar karawa Ajantina ce kuma, Messi na nan, shi ne ma ya miƙa ƙwallon da Ángel Di María ya ɗaga ta saman Ambrose Vanzekin. Ɗaya da nema. Kaita ya dawo gida da lambar azurfa ta biyu yana ɗan shekara 22. Ba na jin Kano ta taɓa fitar da wani ɗan ƙwallo kafinsa da ya tara irin wannan a wannan shekarun.

Kayan aro

A nan ne ya kamata labarin ya hau sama, amma sai ya fara yawo. Monaco mai buga gasar Faransa ta saye shi a 2008, sai dai ba ta ba shi gurbi ba. Abin da ta yi shi ne ta riƙa ba da shi aro: Kuban Krasnodar a kudancin Rasha, sannan Alania ta birnin Vladikavkaz a yankin tsaunukan Caucasus, wadda ita yake yi wa wasa lokacin da aka tafi Afirka ta Kudu.

Ya kamata a fahimci yadda wannan ciniki yake, domin ba Kaita kaɗai ya taɓa ba. Babbar ƙungiya takan sayi matashin ɗan Afirka da ya haskaka a gasar matasa a farashi mai sauƙi, ta ɗaure shi da kwantiragin shekaru. Idan kocinta ba ya buƙatarsa, ba za ta sake shi ba, tunda kadara ce; sai ta miƙa shi ga wata ƙungiya na wata shida ko shekara, waccan ta biya albashi ko wani ɓangare nasa. Idan ya yi kyau a can, farashinsa ya tashi, riba ta mai shi ce. Idan bai yi ba, a tura shi wani wuri. Ita kuma mai karɓar aro ba ta da dalilin yin haƙuri da shi ko gyara masa rauninsa, don ba nata ba ne. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan wasan da ke sauya koci da harshe da abinci da yanayin sanyi duk bayan 'yan watanni yana iya riƙe ƙarfin jikinsa, amma da wuya ya samu natsuwar da ke sa ɗan tsakiya ya nuna. Wannan matsayi na lamba huɗu ya fi kowane buƙatar sabo da abokan wasa, ka san inda kowa zai tsaya kafin ya tsaya.

Ita ma tawagar da ya je ya tarar ba a natse take ba. Da ƙyar Najeriya ta samu gurbin gasar, a ranar ƙarshe ta wasannin share fage, 14 ga Nuwambar 2009, da ta ci Kenya 3 da 2 a Nairobi yayin da Mozambik ta doke Tunisiya. Shu'aibu Amodu ne ya kai ta, shi ne kuma ya samo mata matsayi na uku a gasar kofin Afirka ta Angola a Janairun 2010, Kaita na cikin 'yan wasansa. Sakayyar Amodu ita ce aka cire shi a watan Fabrairu, aka ɗauko Lars Lagerbäck ɗan Sweden saura wata uku da 'yan kwanaki a fara gasa. Baturen bai haɗu da 'yan wasansa a fili ba sai a watan Mayu. Mikel ya ji rauni a gwiwa, bai je ba. Har otal ɗin masauki sai da aka sauya ana dab da tafiya. A wasan Girka kuwa, Lagerbäck ya ajiye Dickson Etuhu da Lukman Haruna a tsakiya, ya tura Kaita gefen dama, wurin da ba nasa ba. Abin da ya haɗa shi da Torosidis a bakin layi ke nan tun farko.

Ba na kawo wannan don wanke shi ba. Haurin da ya kai wauta ce, babu tsokanar da ta kai a yi ta, kuma jan katin daidai ne a dokar wasa ko da takalmin bai taɓa kowa ba. Shi kansa bai yi gardama ba, ya fito ya roƙi gafarar 'yan Najeriya. Otto Rehhagel, kocin Girka, bai ɓata lokaci ba: minti huɗu bayan katin ya cire ɗan baya Sokratis Papastathopoulos ya sa ɗan gaba Georgios Samaras, wasan ya juya. Duk wanda ya ce katin bai sauya komai ba, bai kalli wasan ba.

Amma a bi sauran mintunan 57 ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon da Dimitris Salpingidis ya rama da ita a minti na 44, jikin Lukman Haruna ta buga ta sauya hanya. Bayan an dawo hutu, ana 1 da 1, Yakubu Aiyegbeni ya kai hari gola ya ture, ƙwallon ta faɗo gaban Chinedu Obasi, shi ne dai Ogbuken Utrecht, raga a buɗe, ya buga waje. Taye Taiwo ya ji rauni ya fita, wanda ya canje shi, Elderson Echiéjilé, shi ma ya ji rauni ya fita. A minti na 71 Vincent Enyeama, wanda ya yi ta ceton Najeriya tun wasan Ajantina, ya amayar da wata ƙwallo da Alexandros Tziolis ya bugo daga nesa, Torosidis ya ƙarasa ta. Wannan ce nasarar Girka ta farko a tarihin gasar. A zuwanta na baya, a 1994, ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka doke ta, 2 da nema.

Abin da aka fi mantawa shi ne wasan Girka bai fitar da Najeriya ba. Ranar 22 ga Yuni a Durban, da ta ci Koriya ta Kudu ko da da tazarar ƙwallo ɗaya ce, da ta wuce zagaye na biyu da bambancin ƙwallaye, domin Ajantina ta doke Girka 2 da nema a daren. An tashi 2 da 2. A wannan wasan ne Yakubu ya ɓarar da ƙwallo yana 'yan taku kaɗan daga raga babu kowa a gabansa, Obafemi Martins ma ya ɓarar da tasa shi da gola. Kaita yana zaune a waje yana kallo. Kafin ranar, jami'in yaɗa labaran tawagar, Idah Peterside, ya riga ya shaida wa manema labarai cewa saƙonnin barazanar kisa da aka aiko wa Kaita sun haura dubu. Ba wanda ya ɗauki maganar da wasa, domin duniyar ƙwallo ba ta manta da Andrés Escobar na Kolombiya ba, wanda ya ci gidansu a wasa da Amurka a 1994, aka harbe shi a Medellín kwana goma bayan haka.

Wani mutum a Boston

A shekarar da aka haifi Kaita, wani abu ya faru a Amurka da ya zama ma'aunin irin wannan labari a can. Sai dai wasan nasu ba tamaula ba ne, besbol ne, don haka bari in ɗan yi bayani. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum tara, ɗaya tana bugu ɗaya tana tsaro. Mai jifa ya wurgo ƙwallo ƙarama mai tauri, mai bugu ya doke ta da kulki, ya ruga ya bi tashoshi huɗu da aka jera a kusurwoyin fili. Wanda ya zagayo ya dawo inda ya tashi ya ci ɗaya. Aikin masu tsaro su cafke ƙwallon su riga shi kai ta tasha. Idan suka fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Huɗu daga cikin masu tsaron suna tsayawa ne a cikin fili kusa da tashoshin, kuma su ne ƙwallon da ta biyo ƙasa take fara tararwa. Wasan ba baƙo ba ne gaba ɗaya a wurinmu, an buga shi a gasar wasannin Afirka ta Abuja a 2003, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa kallonsa a Bebeji ko Kiru.

Wani abu da ya bambanta besbol da ƙwallon ƙafa shi ne yana da ma'aikaci na musamman da ke rubuta kuskure. Idan mai tsaro ya kasa kama ƙwallon da ya kamata ya kama, ana rubutawa da sunansa, kuma a allon filin wasa akwai gurbi na kurakurai kusa da na yawan ci. Wato abin da mu muke yi da baki a majalisa, su sun mayar da shi aikin ofis.

Bill Buckner ya fara wasa a babbar gasar Amurka a 1969 da ƙungiyar Los Angeles Dodgers, ya daina a 1990. A tsawon waɗannan shekaru ya yi bugu mai kai mutum tasha sau 2,715, adadin da ya zarce na Ted Williams, wanda mutanen Boston ke ɗauka a matsayin gwarzonsu na kowane zamani. A 1980, yana Chicago Cubs, shi ne ya fi kowa iya bugu a rukuninsu. Ciwon idon sawu ya dame shi shekara da shekaru, shi ya sa ya koma tsaron tasha ta farko, inda gudu bai yi yawa ba. A 1986 yana Boston Red Sox, ƙungiyar da rabonta da kofi tun 1918, kuma ya taka rawa sosai wajen kai ta wasannin ƙarshe da New York Mets, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai yake ɗaukar kofi.

Daren 25 ga Oktoba, a wasa na shida a New York, Boston ta riga ta ci uku. An shiga ƙarin lokaci, tana gaba da 5 da 3, ta fitar da mutum biyu, saura ɗaya tak ta ɗauki kofin da ta yi shekara 68 tana jira. Sai mai jifanta Calvin Schiraldi ya bari mutum uku a jere suka buga. Aka canje shi da Bob Stanley, shi kuma ya yi wani jifa da ya kauce wa mai kamawa, Mets suka rama, 5 da 5. Bayan duk wannan ne Mookie Wilson ya bugo wata ƙwallo mai rarrafe a ƙasa wajen Buckner. Ya sunkuya, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. Mets suka ci 6 da 5. Kwana biyu bayan haka aka buga wasa na bakwai, Boston ta fara shiga gaba da 3 da nema, ta ƙare da shan kashi 8 da 5. Ga kuma kocinsu John McNamara, wanda ya saba cire Buckner a ƙarshen wasa ya sa Dave Stapleton mai lafiyar ƙafa idan suna gaba, amma a wannan daren bai yi ba.

Mai karatu zai ga kamannin da kansa. An riga an rama kafin kuskuren Buckner, kuma akwai wani wasan bayansa da aka ɓarar ba da hannunsa ba. Amma jifan da ya kauce da shawarar koci ba su da hoto mai kyau. Ƙwallo tana bi ta tsakanin ƙafafun mutum kuwa, ko yaro ya gane ta, kuma daƙiƙa biyar ta isa a nuna ta. Haka hoton Kaita da riga a ka. Ina ganin a nan aikinmu na 'yan jarida yake da nasa kason laifin. Mu ne muke zaɓar abin da za a maimaita, kuma mun fi son abin da ba ya buƙatar bayani. Sauya koci saura wata uku gasa labari ne mai tsawo, mai sunaye da yawa da takardu. Hauri a bakin layi kanun labari ne da ya rubuta kansa.

Akwai bambanci guda da bai kamata a ɓoye ba. Na Buckner kuskuren jiki ne, na mutum ɗan shekara 36 mai ciwon ƙafafu. Na Kaita kuskuren zuciya ne, fushi ya ɗebe shi. Mutane sun fi saurin yafe na farko, kuma suna da hujja. Amma duk da haka Buckner bai tsira ba. Boston ta sallame shi a 1987. Ya dawo ya ƙarasa wasansa a can a 1990, 'yan kallo suka tafa masa, amma tsokana da zunɗe ba su ƙare ba, har ya kwashe iyalinsa ya koma jihar Idaho mai nisa. Sai da Red Sox ta ɗauki kofi a 2004 da 2007 sannan zukata suka yi sanyi. Ranar 8 ga Afrilun 2008 aka gayyace shi filin Fenway ya yi jifan buɗe kaka, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi na mintuna, yana share hawaye. Da ya yi magana da manema labarai bayan haka, ya nuna cewa waɗanda ya sha wahalar yafe wa su ne 'yan jarida, fiye da 'yan kallo. Ya rasu ranar 27 ga Mayun 2019 yana da shekara 69, kuma da wuya ka samu jaridar da ta ba da labarin rasuwarsa ba ta ambaci ƙwallon 1986 tun a sakin layi na farko ba.

Mu ma muna da namu tun kafin Kaita. Ranar 12 ga Nuwambar 1977 a Legas, Godwin Odiye ya sa kai ya ci gidansu a wasa da Tunisiya, Najeriya ta rasa zuwa gasar duniya ta 1978. Odiye yana cikin tawagar da ta ɗauki kofin Afirka a 1980, amma tambayi duk wani dattijo mai son ƙwallo abin da ya sani game da shi.

Bayan Bloemfontein

Fushin 2010 bai tsaya kan mutum ɗaya ba da farko. Ranar 30 ga Yuni Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da tawagar daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu, FIFA ta yi barazanar hukunci, aka janye matakin ranar 5 ga Yuli. An tsige shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Sani Lulu Abdullahi. Lagerbäck ya koma gida, daga baya ya karɓi Iceland ya kai ta wasan kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2016. Yakubu ya ci gaba da cin ƙwallaye a Ingila. Enyeama ya ɗaga kofin Afirka a 2013. A watan Satumbar 2010 wani yaro da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, Ahmed Musa, ya fara buga wa Najeriya wasa, kuma ba a daɗe ba 'yan gidan kallon Kwanar Dangora suka samu sabon wanda za su yi wa sowa.

Kaita bai sake zuwa wata babbar gasa da Najeriya ba. Yana ɗan shekara 24 lokacin jan katin, shekarun da ɗan tsakiya yake fara nuna. Yawon aro ya ci gaba: Metalist Kharkiv a Yukiren, sannan, cikin ikon Allah, Iraklis ta birnin Thessaloniki a ƙasar Girka ita kanta. Bayan ya rabu da Monaco ya yi wasa a Tavriya Simferopol, ya yi a Olympiakos Nicosia ta tsibirin Cyprus, ya dawo gida ya sa rigar Enyimba ta Aba a 2014. Ba zan ce jan katin ne ya jawo wannan gangara ba, domin yawon ya fara tun kafinsa, kuma da yawa daga cikin abokansa na Utrecht da Beijing haka tasu ta ƙare ba tare da wani kati ba. Abin da katin ya yi shi ne ya rufe masa ƙofar da ta saba buɗe masa duk lokacin da ƙungiyoyi suka juya masa baya, wato rigar ƙasa, wadda a cikinta ne ya yi duk manyan wasanninsa.

A wajajen 2016 da 2017 yana ƙasar Finland, inda ya buga wa RoPS ta garin Rovaniemi, can arewa a bakin yankin ƙanƙara, garin da rana ba ta faɗuwa a tsakiyar watan Yuni, kuma ana buga gasar ƙasar ne daga bazara zuwa kaka saboda dusar ƙanƙara. Na gaya wa samarin nan na bayan tasha wannan, na kuma gaya musu cewa mutumin ya tsaya gaban Messi a wasan ƙarshe sau biyu. Ɗaya daga cikinsu, wanda na lura shi ne ke buga musu lamba huɗu, ya ciro waya ya fara neman bidiyon wasan 2005. Intanet ɗin wurin ba ta da ƙarfi, hoton yana ta tsayawa, sauran suka taru a kansa suna jira ya buɗe.